A yi wa mata bayani kafin a cire mahaifa

Jama'a, macen da ke fama da sankarar nono, bayan an yi mata aiki, wani lokaci likita kan ce sai an cire mahaifa ko gidan ƙwai. Akwai dalili: wata sankarar da sinadarin da gidan ƙwai ke fitarwa take ƙaruwa, kuma maganin tamoxifen da ake sha shekara 5 zuwa 10 yakan taɓa mahaifar wasu mata. Amma ba kowace mace ke bukatar wannan aiki ba, kuma cire mahaifa kaɗai ba ya warkar da sankarar nono.

Abin da ke biyo baya shi ne ba a cika faɗa mata ba. In an cire gidan ƙwai, haila ta ɗauke ke nan, ko da shekarunta 35: zafi da gumi cikin dare, bushewar gaba, ƙashi ya yi rauni. Haihuwa ta ƙare. A gida kuwa, tun ɗinki bai warke ba dangin miji sun fara zancen amarya.

A 2007 gwamnatin Nijar ta ce maganin sankarar mata kyauta ne. To likitoci su zauna da ita da maigidanta, su yi musu bayani da Hausa ko Zabarmanci, ba da Faransanci ba, kafin ta sa hannu a takarda.