Filin Sana'a: A shirya wuƙaƙen gida tun kafin ranar buƙata

Ranar Layya da hantsi, an sauko daga idi, liman ya yanka ragonsa. A gidaje da yawa sai a lokacin ake fara neman wuƙa. Mai gida ya zaro wadda ke soke a darni tun bara, ya tarar ta yi tsatsa, ƙota tana girgiɗi. Sai a aiki yaro gidan maƙwabci ya aro. Maƙwabci kuwa yana aiki da tasa. In an dace an samu guda, da ita za a yi yanka, da ita za a yi fiɗa, da ita za a sare ƙashi, da ita kuma uwar gida za ta yanka albasa. Kafin la'asar bakin wuƙa ya kakkarye, fata ta huje wuri uku, wani ya yanke a yatsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ya shirya wuƙaƙensa tun da wuri, kowace da aikinta, ya huta da aro, ya huta da hasara. Maƙerin gari yana iya ƙera su duka iri ɗaya, in an yi shawara da shi.

Wuƙa nawa gida ke buƙata?

Huɗu sun isa gida mai matsakaicin iyali.

Ta fari ita ce wuƙar yanka. Tsawon bakinta ya kai santimita 25 zuwa 30, wato taƙi guda da ƴan yatsu. A yi ta miƙaƙƙiya, mai kaifi sosai. Malamai suna horo da a wasa wuƙa a sauƙaƙa wa dabba, kuma kada a wasa ta a gaban idon dabbar. Wannan wuƙa yanka kaɗai ne aikinta.

Ta biyu wuƙar fiɗa. Gajera ce, santimita 12 zuwa 15, mai ciki kamar jinjirin wata, kanta kuma ba tsini. Wuƙa mai tsini ita ke huda fata. Makiyaya sun san abin da wannan ke jawowa a kasuwa: mai sayen fata yana ɗaga ta ga rana, in ya ga huji ko zanen wuƙa sai ya karya kuɗinta. Fatar jar akuya ta Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushi da ƙwarinta, amma huji guda ya isa ya rage mata daraja.

Ta uku wuƙar madafa, ta uwar gida. Santimita 15 zuwa 18, mai faɗi, mai bakin ciki ba kauri. Da ita ake yanka nama gunduwa-gunduwa, da kabewa, da rogo. Wanda ya taɓa kallon masu kilishi na Madawa ko Tasawa suna shimfiɗa tsoka ta zama kamar takarda, ya san amfanin wuƙa marar kauri.

Ta huɗu ƴar ƙarama, santimita 8 zuwa 10, don albasa, tattasai, tumatir da kuɓewar shanya. Matan Galmi da na sauran garuruwan lambu sun fi kowa sanin ranarta. Raba ta da wuƙar nama yana da dalili na lafiya: ƙazantar ɗanyen nama tana bin wuƙa ta shiga abin da za a ci ɗanye, ta kawo ciwon ciki da zawo.

Ƙashi kuwa aikin adda ne ko ƙaramin gatari. Ba wuƙar da ke sara ƙashi ta zauna lafiya.

Me ya sa za a yi su iri ɗaya?

Ba don ado kaɗai ba. In an yanko su daga ƙarfe guda, ƙarfinsu ɗaya ne, dutse guda zai wasa su duka. In ƙotocinsu na icce guda ne, kaurinsu ɗaya, hannu zai saba da riƙonsu. Sa'an nan maƙeri ya buga musu shaida guda kusa da ƙota, ko zane biyu, ko ɗigo uku, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa. Wuƙa mai shaida, in ta tafi aro ranar suna ko ranar biki, tana sanin hanyar gida. Uwar da ke haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki ita ma tana iya sa a ƙera mata biyu na madafa masu shaida guda.

Yaushe za a je maƙera?

Daga bazara har shuka ta yi ƙwari, maƙeri ba shi da sukuni. Hauya, kalme da garma sun cika masa rumfa, kowane manomi yana jira. Wuƙar da aka ƙera cikin wannan gaggawa ba ta samun kulawa. Mako biyu kafin Layya ma haka, kuma kuɗin aiki yana hawa. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, cikin ɗari, sa'ad da amfanin gona ya shigo hannu. A tuna kuma Layya tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka a riƙa lissafi da watan sama.

Kafin a tafi, mai gida ya zauna da uwar gida, tun da ita ke riƙe biyu daga cikin huɗun kullum. A samu kwali a zana kowace wuƙa da girmanta, a yanke zanen da almakashi, ta riƙa a hannu ta ji ko ya yi mata. Gyaran kwali ba ya cin ko dala. Gyaran ƙarfe yana cin gawayi da yini guda. A rubuta tsawon kowace a jikin kwalinta, a kai wa maƙeri. A yi ciniki a gama tun kafin a hura wuta, a ba da kafin alƙalami gaban shaida, a sa ranar karɓa.

Zaɓen ƙarfe

Kakannin maƙeran baƙi suna haƙo tama su narka ta da kansu. Tun da motoci suka yawaita, sai aka koma ga tsofaffin ƙarafa, irin waɗanda ake tarawa a kasuwar Katako ta Yamai da manyan kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Amma ba kowane ƙarfe ke yin wuƙa ba. Ƙarfen gini da na tano suna da taushi. Wuƙarsu tana ƙyalli ranar saye, kwana kaɗan ta dakushe. Araha ba ta ado.

Wanda ya fi shi ne faffaɗan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota yana ɗauke da nauyinta, wanda ake kira sifirin. Tsohon magagari ma yana yin ƴar ƙaramar wuƙa mai kaifi. A duba da kyau kada a ɗauki mai tsaga, don tsagar za ta fito a bakin wuƙa. Falle guda na babbar mota yakan isa wuƙaƙen nan huɗu.

Inda gwanintar take

Bayan maƙeri ya buge ƙarfe a kan uwar maƙera ya fitar da siffa, sauran babban aiki, wato ba wuƙa ƙarfi. Ɗan zuga ya zuga wuta har bakin wuƙa ya yi ja kamar garwashi. Akwai alama mai sauƙi: in zafi ya kai wajen digiri 770, mayen ƙarfe ba ya kama ta. Sai a ɗan ƙara zuga kaɗan, a tsoma ta nan da nan. Ƙarfen sifirin yakan tsage cikin ruwan sanyi, saboda haka tsomawa cikin man gyaɗa ta fi aminci.

A wannan hali wuƙa ta yi tauri, amma tana iya fashewa kamar kwalba. Dole a goge ta ta yi fari, a ɗora gadon bayanta bisa garwashi a hankali, ana kallon launi. In bakin ya yi launin busasshen karan gero, a ɗauke. In an bari ya yi shuɗi, ta yi taushi, ba za ta daɗe da kaifi ba.

Ƙota kuwa a yi ta da busasshen icce mai ƙwari, kamar marke, aduwa ko ƙirya. Ɗanyen icce yana motsewa ya tsage, wuƙa ta kama girgiɗi. Makiyayi yana iya kawo ƙahon sa. A sa zoben ƙarfe a wuyan ƙota don ya riƙe ta. Ƙirya ta yi wuyar samu a wurare da yawa, ga shi gawayinta maƙera suka fi so. Busasshen reshe ya isa ƙota huɗu, ba sai an kayar da icce mai rai ba.

Ranar karɓa

A gwada kowace a gaban maƙeri. A goga magagari a bakinta: in ya zame, ta yi ƙarfi, in ya ci ta da sauƙi, ba ta yi ba. A feƙe busasshen icce da ita, a duba bakin. In ya lanƙwashe ta yi taushi, in ya ɓantare ta yi tauri da yawa. Maƙerin kirki ba ya jin haushin gwaji. Daga nan a kai ta yanka da ta fiɗa wurin baduku ya ɗinka musu kube.

Kulawa

Baƙin ƙarfe ba ya shiri da laima. In an gama aiki a wanke wuƙa da sabulu, a share ta ta bushe, a shafa mata ɗan man gyaɗa. Kada a mayar da ita kube da danshi, kada a soke ta a ƙasa. A riƙa yanka a kan katako, ba a kan dutse ko faranti ba. A wasa ta da dutse da ruwa tun ba ta dakushe sarai ba, don dakusasshiyar wuƙa ita ake dannawa da ƙarfi har ta zame ta sami yatsa. A rataye su inda hannun yara ba ya kaiwa.

Wanda wuƙa ta yanka sosai, ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ya ɗaure da ƙyalle mai tsabta, ya tafi gidan likita. Kada a zuba ƙasa ko kashin shanu, don nan ne ƙwayar ciwon nan mai sanƙarar da jiki da sarƙe haƙora take zaune, wanda likitoci ke kira tetanos. Akwai allurar rigakafinsa.

Wuƙa huɗu na kirki, in an kula da su, sai ɗa ya gada daga ubansa. Kuɗin kuma bai fita gari ba: maƙeri ya samu, mai gawayi ya samu, baduku ya samu. A wata mai zuwa filin zai yi bayani a kan jimar fata da yadda ake shanya ta a inuwa.