Batirin kwamfuta: Shawarar kamfanoni da halin wuta a ƙasar Gobir

Kamfanonin da ke ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka sun daɗe suna jan hankalin masu saye cewa, idan kwamfuta na yini jone da wuta, bai kamata a bar batirinta yana zaune a cike ba.

An tsara wannan shawara ce domin ma'aikatan ofis a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. To amma yaya za ta kasance ga malamin makaranta a Isa, ko mai shagon buga takardu a Sabon Birni, a gabashin jihar Sakkwato, inda wutar gwamnati ke zuwa jefi-jefi?

Abin da ke cin batir

Kusan duk kwamfutocin yau na aiki ne da batirin lithium, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991.

Irin wannan batir yana tsufa ko ana amfani da shi ko an ajiye shi, sai dai abubuwa uku ne ke gaggauta tsufan: daɗewa a cike maƙil, zuƙe shi har ya mutu, da kuma zafi.

Da zarar batir ya cika, kwamfuta kan katse cajin da kanta, don haka ba ya wuce kima. Illar tana cikin zaman da sinadaran ke yi a matse na tsawon lokaci. Wannan ne ya sa kamfanoni irin su Lenovo da ASUS da Dell suka sanya tsarin da ke tsayar da caji a wajen kashi 60 ko 80 cikin 100.

Kamfanin Apple kuwa ya yi gargaɗin cewa zafin da ya haura digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada. A ƙasar Gobir, zafin bazara kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Tsaka mai wuya

Jihar Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne. Garuruwan kan iyaka irin su Isa da Sabon Birni suna can nesa da manyan tashoshi, kuma hare-haren 'yan bindiga sun sa zirga-zirga a yankin ta zama kasada.

A watan Oktoban 2024 ma, akasarin jihohin arewacin Nijeriya sun shafe kwanaki a cikin duhu, sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta daga Shiroro da kuma daga kudu.

A irin wannan hali, wanda ya tsayar da caji a kashi 80 ya yi asarar kashi ɗaya cikin biyar na lokacin aikinsa. Idan batirinsa na ɗaukar awa biyar, awa guda ta tafi ke nan, ba tare da ya san ranar da wuta za ta dawo ba.

Shi ya sa jama'a kan cika batir maƙil da zarar an kawo wuta, su kuma zuƙe shi har kwamfuta ta mutu. Ma'ana, batirin na shan wahala a sama da ƙasa.

Zuwan sola

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta ya fi ƙarfin masu ƙananan sana'o'i da dama, kuma da yawansu sun koma wa wutar sola.

A nan ne shawarar kamfanonin ta riski ƙasar Gobir. Shagon da ke da sola yana samun wuta daga hantsi har la'asar, kwamfuta na jone yini guda, batir a cike, ga kuma rufin kwano yana turiri. Babu haɗin da ya fi wannan saurin kashe batir.

Ga mai irin wannan shago, tsayar da caji a kashi 80 ba ya rage masa komai, tunda rana za ta sake fitowa gobe.

Shi kuwa mai jiran wutar gwamnati, cika batir ba laifi ba ne muddin zai yi amfani da shi nan kusa. Abin da ya fi masa muhimmanci shi ne ya dakata idan caji ya sauko wajen kashi 20, ya guji ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma inda iska ba ta shiga, ya kuma riƙa share ƙurar hunturu daga kafofin iska.

Tsohuwar dabarar cire batir a yi aiki da wuta kai tsaye ba ta dace da yankin ba, domin da an ɗauke wuta, aikin da ba a adana ba ya salwanta. Idan kuma za a ajiye kwamfuta na makonni, a bar ta da kimanin rabin caji, a wuri mai sanyi.

Tsadar sauyi

Daga ƙasashen waje ake shigo da batir, kuma dalar Amurka da ke kusan naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a 2024.

Sabbin kwamfutoci ma batirinsu a ciki yake ɗaure, sai mai gyara ya kwance, abin da kan tilasta tafiya Sakkwato ko Kano a kan hanyoyin da matafiya ke bi da fargaba.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga maɓallan rubutu ba abin jira ba ne, domin yana iya kamawa da wuta. A 2006 kamfanin Dell ya janye batura fiye da miliyan 4 daga hannun jama'a saboda irin wannan haɗari.

Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya, kwamfuta guda a shago ko makaranta kan zama wurin koyon ɗalibai masu yawa. Idan batirinta ya mutu, karatunsu kan tsaya duk lokacin da wuta ta ɗauke.