SHARHI: Sulhun Birnin Gwari ya taɓa daji, har yanzu bai taɓa ofis ba

A ranar Asabar, 5 ga Mayun 2018, 'yan bindiga suka afka wa garin Gwaska da rana tsaka, suka kashe mutum aƙalla 45. Cikin kwanaki kaɗan Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a kafa bataliyar soja da babban ofishin yanki na 'yan sanda a Birnin Gwari. Kisan bai tsaya ba. A 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai, wadda ta rantse ba za ta zauna da ɗan bindiga ba, ta sa aka katse layukan waya, ta hana hawan babura, ta rufe kasuwannin mako. Nan ma jini bai daina zuba ba. Sai a ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya isa Birnin Gwari, ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, ya kuma buɗe kasuwar kara da ta shafe shekaru a rufe.

Dole a faɗi gaskiya: an samu sauƙi. Motoci sun dawo hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, manoma da dama sun koma gonakin da suka bari. Wanda ya taɓa biyan haraji ga ɗan bindiga kafin ya girbe masararsa, kamar yadda ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta sha kokawa, ba ya buƙatar kowa ya fassara masa darajar wannan sauƙi. Abin tambaya shi ne me zai riƙe shi.

Akwai wani darasi da ake koyar da ɗaliban digiri na biyu a fannin gudanarwa, a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, kan halayyar mutane a cikin ma'aikatu da yadda ake tafiyar da sauyi. Yawanci ana ɗaukarsa darasin bankuna da kamfanoni, alhali ya fi dacewa da abin da ke faruwa a Birnin Gwari. Masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin, wanda ya rasu a 1947, shi ake jingina wa ra'ayin cewa sauyi hawa uku ne: a narkar da tsohuwar ɗabi'a, a zuba sabuwa, sannan a bar ta ta daskare. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu ƙera tukunyar dalma ya san cewa narkarwa ba ta da wuya. Idan ba a tanadi mazubi ba, a ƙasa narkakkiyar za ta malale. A 1995 kuma John Kotter na Jami'ar Harvard ya lissafa kurakurai takwas da ke kashe yunƙurin sauyi, ciki har da shelar nasara tun kafin lokaci, da barin sauyin a hannun mutane ƙalilan ba tare da ya zama al'adar ma'aikata ba.

Maƙwabtanmu sun riga sun gwada mana. Gwamna Abdul'aziz Yari ya yi sulhu da Buharin Daji a 2016. A Maris ɗin 2018 Dogo Giɗe ya kashe shi, yaransa suka warwatsu ƙarƙashin sababbin shugabanni waɗanda ba su ɗauki alkawari da kowa ba. Aminu Masari ya yi nasa a Katsina a 2019, shekara na zagayowa ya ce an ci amanarsa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, ya tuba a Gusau a Fabrairun 2021, ya koma daji a Afrilu, aka kashe shi a watan. Dalilin a fili yake. 'Yan daji ba ƙungiya ɗaya ba ce mai shugaba ɗaya da umarni ke gangarowa daga sama. Dabobi ne barkatai, kuma biyayyar yaro ga kachalla tana tafiya ne da rabon da yake samu. Ranar da sulhu ya tsayar da kuɗin fansa bai kawo wata sana'a ba, yaron da ke riƙe da bindiga zai nemi wani ubangida a Kuyambana ko a Neja, tunda daji bai san iyakar jiha ba.

Ɓangaren da aka fi yin shiru a kansa shi ne na hukuma. Makiyayi da manomi duk sun daɗe suna kuka da abu ɗaya: ka kai ƙara a tatse ka, mai ƙarfi ya fita. Daga nan ɗaya ya koma ga bindiga, ɗaya ga sa-kai. To, yau idan aka sace saniya ko dabbobi suka yi ɓarna a gona kusa da Gwaska, wane ofishi za a nufa, kuma kwana nawa za a jira hukunci? Ɗan sandan da aka shekara goma ana koya masa cewa duk Bafulatanin daji abokin gaba ne, da ɗan sa-kan da ya binne ƙannensa, wa ya zaunar da su ya gaya musu matsayinsu a sabon tsari? Masana gudanarwa suna kiran wannan turjiya ga sauyi, kuma ba a maganinta da jawabin biki. Sai da sabon horo, da sauya abin da ake yaba wa ma'aikaci a kai da abin da ake hukunta shi a kai.

Gwamna ya nanata cewa bai biya ko kwabo ba. Idan haka ne, babu abin da zai hana a wallafa sharuɗɗan: makamai nawa za a miƙa, yaushe, ga wa; wa ke sa ido; me zai faru da wanda ya karya alkawari; me aka tanadar wa zawarawa da marayun Gwaska. Ko afuwar Neja-Delta ta 2009, da duk illolinta, tana da ofishi da kasafi da rajistar sunaye, shi ya sa ta rayu bayan Umaru 'Yar'aduwa.

Yanzu sulhun Birnin Gwari yana tsaye ne kan amincin da ke tsakanin gwamna, ofishin Nuhu Ribadu, masarauta, malamai da wasu shugabannin daji. A cikinsu akwai masu fuskantar zaɓe a 2027, akwai kuma waɗanda harsashin abokin hamayya ka iya ɗaukewa a dare ɗaya. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna na da ikon mayar da wannan tsari doka mai hukuma da kasafi, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Birnin Gwari su ne ya kamata a fara tambaya yaushe za su gabatar da ƙudurin.