Kada A Tashi Tsofaffinmu Sau Biyu

A 1977 gwamnatin Eyadema ta rushe tsohon Zangon Lome, aka kwashe iyayenmu zuwa Agoe, can bayan gari. Kakata tana cikinsu. Yau ƙafa ta ƙi, ido ya dushe, sai ga wani ɗan boko yana cewa a gina musu gidan gajiyayyu irin na Faransa. Wato a sake tashinta ke nan, ta bar ɗakinta da maƙwabtan da ke leƙo ta kullum?

Masu bugun ƙirji da "Bahaushe ba ya yar da tsohonsa" su ma ban ƙyale su ba. Wa ke yi wa tsohuwa wanka, ya juya ta cikin dare? Suruka ɗaya, ba hutu, ba ko sisi. Mazan suna Kwatano da Legas, sai waya.

Mun iya adashin biki, to mu yi na tsufa. Kowane masallaci ya rubuta tsofaffin layinsa, a biya mata biyu su riƙa zagayawa, malamin asibiti ya zo auna jini. Wanda ya ƙi sa hannu a aljihu, ya daina mana wa'azin zumunci.