SHARHI: Kafin a sake jawo gawar wata "damisa" zuwa ƙofar gidan dagaci

Labarin ya kusa zama na kowace shekara. Wani manomi ya hango dabba mai roɗi-roɗi a bakin rafi da almuru, ko a wayi gari a tarar an kashe akuya a turke. Kafin hantsi magana ta game ƙauye cewa damisa ta shigo gari. Mata su fasa zuwa itace, a hana yara tafiya makaranta, mafarauta da 'yan banga su saɓi bindigogin toka su fantsama daji da karnuka. Zuwa la'asar sai ga bidiyo a WhatsApp da Facebook: gawar dabba yashe a ƙofar gidan dagaci, samari na rububin ɗaukar hoto da ita. Daga nan maganar ta mutu, sai kuma an sake ganin wata a wata jihar. Da wuya a ji cewa wani jami'in gandun daji ya je ya duba gawar, ya rubuta ko wace iri ce, daga ina ta fito, da lafiyarta ko tana ɗauke da ciwo.

Babu mai hankalin da zai zargi mutanen ƙauye a kan tsoronsu. Akuya biyu ko uku su ne asusun talaka, su ne kuɗin asibiti da na taki, kuma wanda ɗansa ke bin garke shi kaɗai a jeji ba zai tsaya jiran bayanin masana ba. Kirarin da Bahaushe ya yi wa damisa, "ƙi sabo", bai yi shi don wasa ba. Abin tambaya shi ne me ya sa a ƙasar da ke da Ma'aikatar Muhalli a tarayya da kowace jiha, har yau dagaci ba shi da wanda zai kira in ban da maharbi.

Sau da yawa ma dabbar da aka kashe ba damisa ba ce. A dazuzzukan Najeriya akwai kyanwar daji mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa da ɗigo-ɗigon baƙi a jiki, wadda ba ta cika wuce kilo 18 ba, alhali namijin damisa kan haura kilo 50. Akwai wata mai jan jiki da tuntun baƙin gashi a tsinin kunne. Akwai kuma tunkun juda, wanda ba ma dangin kyanwa ba ne, amma a duhu kowa ɗaukar sa yake yi a matsayin damisa. Waɗannan kan ɗauki kaza, mai jan jikin kan kama ɗan akuya, amma gudun mutum suke yi. Abincin mai dogayen ƙafafun yawancinsa ɓeraye ne, masu ɓarna a gona da rumbu, ciki har da irin ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Duk ƙauyen da ya kashe ta ya rage wa kansa mai gadi ne da ba ya karɓar lada.

Tsofaffin mafarauta sun san yadda ake rarrabewa. Dangin kyanwa suna tafiya da farcensu a ɓoye, saboda haka sawunsu ba ya nuna farce. Sawun kura da na kare kuwa yana nunawa. Damisa kan shaƙe abin da ta kama a maƙogwaro, ta ja shi zuwa sarƙaƙiya ko ta haye bishiya da shi, karnukan da suka gagara kuma yayyaga dabba suke yi su bar ta a wurin. Wannan ilimi yana tafiya tare da masu shi zuwa kabari, kuma babu hukumar da ta damu ta tattara shi.

Su ma kafafen yaɗa labarai suna da nasu kason na laifi. An sha ganin kanun labari a jaridun Turanci na ƙasar nan da ke cewa an kashe damisar nan mai ratsi-ratsi a wani ƙauye, alhali wannan dabba ta Asiya ce, babu ita a dajin Afirka ko ɗaya. An sha kuma ɗauko tsohon bidiyo daga Indiya ko Kenya a liƙa masa sunan wata ƙaramar hukuma. Editan da ya saki irin wannan ba tare da bincike ba ya taimaka wajen rufe makaranta da tayar da hankalin kasuwa a banza.

Ainihin manyan dawan kuwa saura ƙiris su ƙare. Binciken da ƙungiyar Panthera ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2014, ya duba gandun daji 21 a Afirka ta Yamma, ya sami zaki a guda huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, dajin W-Arly-Pendjari da ya ratsa Benin da Burkina Faso da Nijar, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Jimillarsu ba ta wuce kimanin 400 ba, kuma mafi yawansu suna W-Arly-Pendjari ne. Na Najeriya ba su kai 50 ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya zakin Afirka ta Yamma a rukunin da ke dab da ƙarewa. Damisa ta fi zaki iya ɓuya, kuma kyamarorin da masu bincike suka girke a Gashaka-Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, sun ɗauki hotonta. Ke nan idan rahoton wani ƙauye ya tabbata damisa ce ko zaki, labari ne babba ga ƙasa, domin yana nuna inda ragowarsu suke da hanyar da suke bi. Harsashi ɗaya yana shafe wannan bayani gaba ɗaya.

Dalilin fitowarsu ba ɓoyayye ba ne. Gonaki sun ci daji, masu gawayi sun sare abin da ya rage, farautar naman daji ta ƙarar da gada da barewa da sauran abin da suke ci. Dabbar da ta rasa abinci a jeji turke za ta nufa. Sannan ga matsalar tsaro: 'yan bindiga sun yi sansani a dajin Kamuku da ke Birnin Gwari da sassan gandun Kainji, inda ma'aikatan gandu ba sa iya sintiri yadda ya kamata. Dajin da ya gagari jami'in gwamnati babu mai ƙirga dabbobinsa.

Abin da ya faru a cikin birane ya isa ya nuna iyakar shirin hukuma. A watan Disamba na 2015 zaki ya kuɓuce daga gidan namun daji na Jos, aka ƙare da harbe shi. A watan Oktoba na 2019 wani ya fita daga kejinsa a gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano, aka kwana biyu ana fama da shi, ya cinye awaki, kafin a samu ya koma keji. Waɗannan dabbobi ne na cikin shinge, a manyan biranen jihohi, kusa da likitocin dabbobi. To ina ga ƙauyen da ke tafiyar awa uku daga kwalta?

Doka ma ta bar giɓi. Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa da ke Abuja ikonta yana cikin gandun tarayya ne. Dabbar da ta tsallake iyaka ta zama ta jiha. Yankari kansa ya koma hannun gwamnatin Bauchi tun 2006. Jihohin Arewa da dama kuma sun gaji dokar namun daji ta 1963 ne daga tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa. Dokar tarayya ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta fi karkata ga fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Manomin da aka cinye wa tumaki ba shi da ofishin da zai kai kuka. A 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano da Pandam a Filato. Kowane sabon gandu yana nufin ƙarin ƙauyukan da za su yi maƙwabtaka da namun daji, kuma ya kamata a ce an tanadi amsar tambayarsu tun kafin a kafa allo.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowace jiha ba. Ma'aikatar muhalli ta fitar da lambar waya guda da za a sanar a rediyo da harsunan gida, a bai wa hakimai da dagatai da sarakunan baka. A horar da ƙaramar tawaga mai likitan dabbobi da bindigar allurar barci da keji da mota. Jihohin da ke maƙwabtaka suna iya haɗa guda. A jawo mafarauta cikin aikin, a riƙa biyan su ladan rahoto da gane sawu, maimakon a bar su da ladan fata. Idan kuma an riga an kashe dabbar, kada a bari a fede ta a raba nama. Dabbar dajin da ta shigo gari da rana tsaka ba ta shakkar mutane tana iya kasancewa da ciwon haukan kare, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana da ɗakin gwada wannan.

Diyya ita ce mafi wuya, ita ce kuma ba a son ambata. Kenya ta sanya ta a dokarta ta 2013, kuma ko da yake jinkirin biya ya zama abin ƙorafi a can, aƙalla makiyayi ya san yana da haƙƙi. Wanda bai da wannan tabbaci guba yake zuba wa mushe, gubar ta kashe damisa, ta kashe kura, ta haɗa da ungulayen da suka sauka. A Kenyar ne kuma wani yaro makiyayi ɗan ƙabilar Masai, Richard Turere, ya ƙirƙiro fitilu masu walƙiya da ake kewaye garke da su, zaki ya ɗauka mutum ne ke zagaye da tocila. Fitilar sola yanzu babu kasuwar ƙauyen da ba a sayar da ita.

Majalisun dokokin Bauchi da Neja da Kwara da Taraba da Adamawa, jihohin da ragowar waɗannan dabbobi ke zaune a cikinsu, su ne ya kamata su fara. Idan kwamishinonin muhalli suka zo kare kasafin kuɗinsu na baɗi, a tambaye su layin da aka ware wa wannan tawaga, da sunan jami'in da zai ɗaga waya idan dagaci ya kira da tsakar dare.