Turanci A Sauƙaƙe: Kalmomi Bakwai Daga Shari'ar Likita Shipman

Duk mun san wahalar haddar kalmomin Turanci daga ƙamus: mu haddace yau, gobe sun gudu. Amma kalmar da ta zo cikin labari takan zauna daram. Ga wani labarin gaske daga Ingila.

A shekarar 1998, wata dattijuwa mai shekara 81 ta rasu a garin Hyde, kusa da Manchester. Sai ga takardar wasiyya, wato “will”, wadda ta mallaka wa likitanta, Harold Shipman, kusan duk dukiyarta. 'Yarta lauya ce, ta yi zargin takardar jabu ce, abin da Bature ke cewa “forged”. Aka tono gawar, wato “exhume”, likitoci suka yi mata binciken da ake kira “autopsy”, suka sami sinadarin diamorphine a jikinta.

Mu lura da matakan nan. Lokacin da 'yan sanda ke zarginsa, “suspect” ne. Da aka gurfanar da shi gaban kotu, ya zama “the accused”. Sai a Janairun 2000, da aka same shi da laifin kashe majinyata 15, ya zama “convict”.

Irin waɗannan kalmomi na shari'a za su taimake mu a WAEC da NECO. Suna kuma kare mutuncin mutane, domin wanda ake zargi bai zama mai laifi ba sai kotu ta tabbatar.

Aikin gida: kowa ya gina jimla da kowace kalma, ya nuna wa malamin Turanci.