SHARHI: Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu, manhajar da ke cikinta ta wa ce?

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta, mallakar na'urar ya zama larura ga ɗaliban Wurno, Rabah da Goronyo, da masu shagunan buga takardu da cike fom a waɗannan garuruwa. Galibinsu ta hannu suke saya, wadda ta gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka, ta sauka Legas, ta ratsa kasuwar Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano, kafin ta iso shagunan Sakkwato. Mai saye yakan duba batir da allo da girman ma'adana. Da wuya ya tambayi lasisin manhajar da ke tafiyar da ita, alhali nan ne cutar take ɓoye.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sanya manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, kamar littafi. Don haka wanda ya biya kuɗin na'ura ƙarfen ya saya. Windows da Office izinin amfani ne kawai, kuma ba kowane izini ne ke bin na'urar zuwa hannun sabon mai ita ba.

Lasisin da kamfani irin HP ko Dell ya sa tun daga masana'anta a ɗaure yake da na'urar, duk inda ta je yana biye da ita. Tun fitowar Windows 8 a 2012 ma, lambarsa a cikin jikin na'urar ake dasa ta. Wanda mutum ya saya daban da kuɗinsa ana iya miƙa shi ga wani, da sharaɗin mai sayarwa ya goge nasa kwafin. Wanda babban kamfani ya saya a dunƙule don ma'aikatansa na kamfanin ne, shi kuwa Microsoft 365 asusun mai biyan kuɗi yake bi.

Kamfanonin waje sukan goge komai kafin su rabu da tsofaffin na'urorinsu. Idan suka iso, mai gyara yakan ɗora Windows da Office na sata, ya buɗe su da wata manhajar da ba a san wanda ya rubuta ta ba. Abin takaici, da yawa daga cikin na'urorin nan suna ɗauke da halastacciyar lambar Windows a jikinsu, wadda mai saye ya riga ya biya kuɗinta ba tare da ya sani ba.

Manyan kotunan duniya sun saɓa a kan batun. A 2012 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta yanke cewa wanda ya sayi lasisi na dindindin yana da ikon sayar da shi. A 2010 kuwa wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar Vernor da Autodesk, ta ce mai lasisi ba mamallaki ba ne, sharuɗɗan kamfani ne ke aiki. A Najeriya, makamin mai saye shi ne dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta haramta yaudara wajen siffanta kaya.

Lamarin ya ƙara tsanani ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10. Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da injin Intel ƙarni na takwas zuwa sama ko makamancinsa. Na'urorin da suka gaza wannan sharaɗi su ne kamfanonin waje za su fi zubarwa, kuma kasuwannin da ke neman araha ne masaukinsu. A shagon cike fom na Goronyo, irin wannan na'ura ce ke riƙe lambar NIN da BVN na jama'a. Harin WannaCry na 2017, wanda ya durƙusar da asibitoci a Ingila, ta kan Windows da ba a yi wa gyara ba ya shiga.

Kama ƙaramin mai gyara ba zai magance komai ba. Abin da ya kamata hukumar kare haƙƙin mallaka da hukumar FCCPC su nema daga ƙungiyoyin 'yan kasuwa shi ne rasiɗin da ke bayyana irin lasisin da ke kan kowace na'ura, da ko za ta ɗauki Windows 11. Mai saye kuma ya buɗe saitin na'urar ya duba matsayin lasisin kafin ya biya. Idan babu, Ubuntu da LibreOffice kyauta ne, halas ne, kuma suna tafiya a kan tsohuwar na'ura. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da buhunan shinkafar Wurno don saya masa kwamfuta yana da haƙƙin sanin abin da aka ba shi.